Sau nawa ya kamata a wanke kayan iyo da tawul bayan yara sun fito daga ruwa?

Tambaya daga wata uwa a Birnin Kebbi: "Assalamu alaikum Malam. Yarana uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Tun da zafin nan ya shigo, kusan duk Asabar babansu kan kai su wurin ninƙaya na wani otal, kuma idan muka je hutu Argungu wajen kakanninsu ba a raba mazan da gulbi. Ni duk dawowa sai na wanke kayan iyon da tawul da omo, ga tsadar ruwa, ga shi rigar iyon yarinyar har ta saki tun ba ta yi wata 3 ba. Maigidana ya ce ai ruwan otal akwai magani a ciki, wankin ɓarna ce kawai. Surukata kuwa cewa ta yi a shanya ya isa, rana ita ka wanki. Don Allah wanne ne daidai, kuma sau nawa ya kamata in riƙa wankewa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Na daɗe ina aikin duba-gari a jihar nan, aikin da ya kai ni ɗakunan wanki na otal-otal da makarantun kwana ba adadi, kuma ni ɗan Yauri ne, na iya iyo a Kogin Kwara tun kafin in iya wanke allona. Ruwan nan biyu da kika ambata duk na san halinsu.

Abin da kike son sani shi ne ko wanki duk dawowa dole ne, ko shanya kaɗai ta wadatar, ko kuwa maganin da ke cikin ruwan ya riga ya gama aikin. Inda aka samu saɓani a gidanku shi ne an zuba kayan iyo da tawul a kwando ɗaya, alhali kowanne da abin da ke ɓata shi. Kayan iyo zafi ne ke kashe su, da omo mai ƙarfi, da barin maganin ruwan ya bushe a jikinsu. Tawul kuwa danshi ne abokin gabarsa. Ke kin yi daidai a yawan wankin, hannunki ne ya yi nauyi. Hajiya babba tana da gaskiya a kan tawul, amma da sharaɗi. Maigida ne, Allah ya ba shi haƙuri, maganarsa ba ta da ƙafar tsayawa, kuma da ita zan fara.

Maganin da ke cikin ruwan otal

Maganin da yake nufi shi ne kulorin, ɗan'uwan bilic ɗin da ake sa wa fararen kaya. A wurin ninƙaya da ake kula da shi yadda ya kamata, ana riƙe shi tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan, kuma yana yi. Sai dai shi ba sabulu ba ne. Ba ya fitar da maiƙon jiki, ba ya fitar da man shafawa ko man kitson yarinya da yadin ya sha. Da zarar yaro ya fito, ɗan abin da ya maƙale a rigar bai kai ya hana ƙwayoyin cuta hayayyafa ba, amma ya kai ya riƙa cin zaren a hankali. Wato ragowar maganin dalili ce ta ɗauraya, ba uzurin barinta ba.

Mutane kan ji warin magani ya cika wuri su ce lallai ruwan nan tsaf yake. Sau da yawa akasin haka ne. Warin nan mai hawa hanci, mai sa idon yara ya yi ja, yana tashi ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari. Ki ƙaddara Asabar ce a watan Afrilu, kwamin ninƙaya cike da yara, rana kuma tana cinye kulorin ɗin da ke ruwan tun kafin azahar. Na taɓa tambayar yaron da ke kula da ruwa a wani otal ya nuna mini abin awonsa, ya ce shi da hanci yake aunawa. Ba duka wurare ne haka ba, akwai masu kula sosai, amma ke daga gida ba ki da hanyar tantancewa. Ko a ruwan da aka auna daidai ma, akwai wata ƙwayar cutar gudawa da kan yi kwanaki a raye a cikinsa, shi ya sa yaron da ke zawo ba ya shiga ruwa sai ya warke sarai.

Sannan mu faɗi gaskiya, kayan iyo kamfai ne. A fata suke manne, a wurin da ya fi ko'ina gumi, kuma ƙaramin yaro da wasa ya yi wa daɗi ba kullum yake fitowa ya nemi banɗaki ba. Babu uwar da za ta cire wa ɗanta kamfai ta shanya ta mayar masa sati mai zuwa.

Abin da ya sa rigar yarinyar ta saki

Ki duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a cikin rigar. Galibi za ki ga nailan ne wajen kashi 80, sauran kashi 20 kuma zaren roba ne, wanda ake rubuta wa Lycra ko wani suna makamancinsa. Wannan zaren shi ke sa riga ta miƙe ta koma, kuma shi ne mai raunin. Kulorin na cin sa, zafi na busar da shi, ja da murɗawa na tsinka shi. Yanzu ki lissafa irin wankinmu na gida: a jiƙa da omo a bari ya jima, a cuɗa da ƙarfi, a murɗe kamar zanen gado, a shanya a ranar Kebbi da kan wuce digiri 40 a bazara, wani lokaci har mai guga ya bi ta kai. Rigar da ta yi wata 3 a wannan hali ta yi ƙoƙari. Ni da nake ba da shawarar nan na taɓa jiƙa ta jikata a ruwan bilic ta kwana, wai ina kashe ƙwayoyin cuta. Da safe launin ya koɗe, rigar ta zama kamar buhu, sai da na sayi wata kafin a shirya da ni.

Ga yadda muke yi a gidana tun daga ranar. Ana fitowa daga ruwa a cire kayan a ɗauraye su da ruwan famfo tun a can, kafin maganin ya bushe a jikinsu. Wannan ɗaurayar ba ta da fashi, ko da minti 10 kawai aka yi a ruwan, kuma ta fi duk abin da za a yi daga baya amfani. In an iso gida, rabin bokitin ruwan sanyi ya ishi kayan yara uku. A sa ɗan sabulu mai laushi, irin na wankan jarirai ko ɗigon shamfu, a matsa a hankali da tafin hannu na minti 2 ko 3, a fi kula da shafin ciki na tsakanin ƙafafu. A ɗauraye sau biyu. Kada a murɗe. A naɗe a cikin busasshen tawul a danna, a juya ciki waje, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Babu ruwan zafi, babu bilic, babu guga. In kin auna za ki ga ruwan da wannan ke ci bai kai wanda omo ke ci ba, don kumfar omo ce ke shanye jarkar ɗan garuwa wajen ɗauraya.

Sau nawa? Tun da naki sati-sati suke zuwa, a wanke da sabulun duk dawowa, domin kayan za su yi kwana 6 a ajiye, kuma maiƙon da ya kwana a zare shi ke zama wari. In hutu ne suna shiga kullum, ɗauraya kullum, sabulu kuma a shiga ta biyu ko ta uku, muddin kayan na bushewa ƙayau kafin a mayar. Wannan lissafi daga gogewa ne da abin da yadin ke iya ɗauka, ba doka ce da aka rubuta ba, hanci da ido suna da nasu hukuncin.

Mazan, in gajeren wandon ƙwallo suke sawa kamar yawancin yaranmu, ba ki da damuwa sosai. Foliyesta ce, tana jure kulorin da omo fiye da zaren roba. Ta yarinyar ce mai son lallashi, musamman in doguwa ce mai rufe jiki, don yadinta ya fi yawa kuma ɗinkunan kan riƙe ruwa bayan sauran ya bushe. Wadda ta riga ta saki ba ta komawa. In za ki sake saye, ki nemi wadda foliyesta ta fi yawa a cikinta, in da hali ki sayi biyu ana hutar da ɗaya.

Ki kuma roƙi babansu kada ya ɗebo su a mota da jiƙaƙƙun kaya a jiki. Zama cikin danshi a zafin nan na jawo ƙaiƙayin matsematsi ga maza da ƙaiƙayin gaba ga mata. Akwai kuma wasu jajayen ƙuraje da kan fito kwana ɗaya ko biyu bayan an shiga ruwan da maganinsa ya yi ƙasa, sun fi yawa daidai inda rigar ta rufe, saboda nan ne ruwan ya daɗe a kan fata.

Tawul, da ledar da ake ƙunshe shi

In za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi ɓata kaya a wannan harka, zan ce baƙar leda ce. An fito daga ruwa, an dunƙule tawul da kayan iyo a leda an ƙulle, an jefa a but ɗin mota. A hanya a tsaya sayen tsire, a biya gaishe da wata gwaggo, magariba ta yi, a shiga gida a manta, sai Lahadi da hantsi wani ya tuna. A cikin ledar nan akwai ɗumi, akwai danshi, akwai dattin jiki, babu iska. Wasu ƙwayoyin cuta kan ninka kansu cikin abin da bai kai awa ɗaya ba in suka samu irin wannan wuri. Bashin da ke bugun hanci in an kwance ledar aikinsu ne, kuma in ya kama tawul sosai, shanya ba ta fitar da shi: ya bushe kamar ya tafi, yana sake jiƙewa ya dawo. Ki ba su kwando ko jaka mai huji-huji. In dole sai leda, a bar bakinta a buɗe, kuma ana shiga gida a fito da kayan kafin a zauna.

Yanzu maganar Hajiya babba. Tawul ɗin da mutum ɗaya ya goge jiki da shi bayan ya watsa ruwa mai tsabta, aka shanya shi nan da nan a rana ya bushe ƙayau, ana iya amfani da shi har sau 3 kafin a wanke. Rana tana busarwa, haskenta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da dama. A nan ta yi gaskiya. Amma wanda aka shimfiɗa a bakin kwami aka zauna a kai, ko yara uku suka yi tarayya a kansa, ko ya yi sa'o'i a leda, wannan sai wanki. Tawul ɗin yara kuwa da wuya ya dawo gida bai faɗa ɗaya daga ciki ba, shi ya sa a aikace wankinki na duk sati shi ne daidai.

Maganarta kuma ta bazara ce. Yanzu tawul kan bushe kafin a gama girkin rana. Da hunturu ma yana bushewa, ƙura ce kawai za a kakkaɓe. Amma a marka, cikin Agusta, tawul mai kauri kan wuni a igiya bai bushe ba, a lokacin ba ranar da za ta yi wankin. Ki riƙa taɓa kalmasar gefe, nan ne danshi ke ɓuya. Ni dai ban ga amfanin manyan tawul masu kaurin nan ga yara ba. Iyayenmu a bakin kogi tsohon zanen atamfa suke ba mu, ya tsane jiki, ya bushe nan da nan, ruwa kaɗan ya wanke shi. Har gobe ban ga abin da ya fi shi ba.

Da damina kada a shanya a ƙasa ko a kan ciyawa. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin tufa mai danshi, musamman wadda ke da ragowar gumi ko fitsari, tsutsar ta shige fata ta kumbura kamar maruru. Guga mai zafi na kashe ƙwan, don haka tawul a goge shi. Kayan iyo da ba sa son guga, a wanke su tas a shanya su a igiya cikin ɗaki mai raga a taga.

Tawul, saɓanin kayan iyo, yana son ruwan zafi. Digiri 60 ake nema, kuma ba sai da ma'auni ba: rabi tafasasshen ruwa, rabi ruwan famfo, kin kai wajen. Omo kaɗan ya isa. Tawul ɗin da ya ƙandare kamar fatar kilishi galibi ragowar omo ce da gishirin ruwan burtsatse suka taru a zarensa, ɗan ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe na sassauta shi. Sai dai kada a kuskura a haɗa khal da bilic a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce.

Kowane yaro da nasa tawul, kowa da launinsa. Wannan ya fi yawan wanki muhimmanci, don ta tawul makero ke bin yaran gida ɗaya bayan ɗaya, haka ƙazuwa, haka ciwon idon nan da muke kira Afolo tun annobarsa ta 1969. A makarantun kwana na sha ganin ɗaki guda ya kamu saboda tawul biyu ne ke yawo tsakanin yara. In ɗaya daga cikin naki ya kamu, lissafin sau 3 ya faɗi: tawul ɗinsa wanki duk amfani, da ruwan zafi, shi kaɗai, a shanya a rana a goge. Ƙazuwa ce kaɗai inda leda ke da amfani. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba ya jikin mutum, don haka abin da ba ya wankuwa da ruwan zafi, kamar rigar iyo, a busar da shi sannan a ƙulle shi a leda na aƙalla kwana 3.

Gulbi maganarsa daban

Hana ɗan Argungu shiga ruwa ba ƙaramin aiki ba ne. Garin da ake bikin kamun kifi a Matan Fada tun 1934, garin da ake gasar iyo da nutso, yaro ya ga sa'anninsa sun faɗa shi ma zai faɗa. Game da wanki amsar gajeruwa ce: duk abin da ya shiga gulbi, wando ne ko tawul, a wanke da sabulu duk fitowa. Akwai laka, akwai shanu da ke sha a sama, akwai masu wanki da masu ba-haya a gefe, kuma babu kulorin ko kaɗan.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wankin nan ba ya kare su daga babban haɗarin gulbi, wato tsargiya. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, daga nan wasu tsutsotsi da ido ba ya gani su fito su yi ta yawo a ruwan, sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke son wanka. Ta fata suke shiga, tun yaron yana cikin ruwa. Kafin wandon ya iso bokitinki, abin da zai faru ya riga ya faru. Ba sa rayuwa a busasshen kaya, don haka tawul ba ya ɗaukar tsargiya daga wannan yaro zuwa wancan. Goge jiki da ƙarfi ana fitowa na iya rage waɗanda ba su gama shiga ba, amma ba abin dogaro ba ne ga wanda ya yi awa yana iyo. Katantanwar ta fi son ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin na fadamun shinkafa da hanyoyin ban-ruwa da gefen madatsai, kamar tafkin Kainji da aka kammala madatsarsa a 1968 da Bakolori ta Talata Mafara a 1978. Ruwan otal mai kulorin ba ya ɗauke da ita.

Wanda ake mantawa da shi a nan shi ne mai wankin. In 'yar aiki ko yarinyar gida ta kwashi kayan ta je bakin gulbi ta tsaya cikin ruwa har ƙauri tana cuɗawa, ita ma ta shiga haɗarin da masu iyon suka shiga. A yi wankin a gida da ruwan rijiya ko famfo. In ruwan gulbin ne kaɗai ake da shi, a ɗebo a ajiye ya yi kwana 2 zuwa 3 a rufe, tsutsotsin ba sa kai haka a raye in ba su samu jikin mutum ba, ko a ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a sa hannu.

Ni ba likita ba ne, iyakata tsabta da rigakafi. Ƙurajen da suka wuce kwanaki ba su lafa ba, kunnen da ke ciwo ko fitar da ruwa bayan iyo, ko ido mai kwantsa, wannan na asibiti ne, kada a tsaya canja sabulu. Amma tsargiya na san ta a jikina. Muna yara a Yauri jini a ƙarshen fitsari ba a ɗauke shi ciwo ba, har cewa ake alamar yaro ya fara zama namiji ce, alhali in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, mata kuma tana taɓa musu al'aura da mahaifa. Maganinta, firazikwantel, shi ne wanda ake rabawa a makarantu ana auna tsayin yaro da sanda. In aka zo rabawa a makarantarsu ki bari su sha, bayan sun ci abinci.

Jinin ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 bayan shiga ruwan, wani kuma yana ɗauke da ita ba a ganin komai da ido. In kun dawo daga hutun Argungu ki ƙirga wannan lokaci, sannan ki sa babansu ya tambayi mazan, don yaro namiji da wuya ya faɗa wa uwarsa abin da ya gani a fitsarinsa. Ko sun ce ba komai, a kai su a gwada, kuma fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ne ya fi nuna ƙwan.